Tsakanin Magariba da Kwanciya: Yadda Iyaye Masu Fita Aiki Za Su Tsara Makonsu

A gidan da uba da uwa duk suke fita nema, ko ofis ne, ko asibiti, ko aji, ko shago a kasuwa, abin da ya fi wuyar samu shi ne zama. A tashi da asuba ana faɗa, a fita ana sauri, a dawo a gajiye. Uwa ta faɗa kicin, uba ya kishingiɗa da waya, kafin a sauke tuwo autan gida ya ɓingire a kan tabarma da kayan Islamiyya a jikinsa. Haka Litinin za ta miƙa wa Talata, har a wayi gari yaro ya girma ba a san lokacin da ya daina rugowa oyoyo ba.

Akwai wajen awa biyu a kowace rana da za a iya ƙwatowa, daga sallar magariba zuwa kwanciyar yara. Sai dai ba a daren ake nemansu ba. Ranar Asabar ake tanadinsu, da kuma ɗan aikin minti ashirin na kowane dare. Lissafin da ke tafe na gidan mutum shida ne, iyaye da yara huɗu, a gari irin Kano ko Zariya ko Katsina. Kowa ya rage ko ya ƙara daidai gidansa.

A fara lissafi daga lokacin barci

Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a rana, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Idan ƙarfe 5:30 za a tashe shi, to 8:30 ta same shi a kwance. Wannan shi ne turken da komai zai ɗauru a jikinsa. Yaron da ya kai ƙarfe goma yana kallo, shi ne gobe za a yi ta ja daga katifa, shi ne zai ƙi karyawa, shi ne kuma zai sa kowa ya makara.

Daga nan sai a duba lokacin sallah, domin yana tafiya da shekara. A Kano, cikin Nuwamba da Disamba, ana kiran magariba wajen ƙarfe 6, isha'i kuma bakwai da 'yan mintuna, saboda haka akwai sarari mai kyau bayan isha'i. A Yuni da Yuli kuwa magariba tana kusan kaiwa ƙarfe 7, isha'i ta wuce 8. A irin waɗannan watanni duk hirar da za a yi da yara sai a yi ta kafin isha'i, domin maigida yana dawowa daga masallaci lokacin kwanciyarsu ya yi. Gidaje da yawa ba sa lura da wannan, suna riƙe tsari ɗaya duk shekara, sai su ga da damina yara kullum suna gyangyaɗi a aji.

Abin da lissafin ke nufi a aikace shi ne, abincin dare ya zama a shirye kafin magariba ko jim kaɗan bayanta. Macen da ta shigo gida ƙarfe biyar ba za ta iya wannan ba in har sai a lokacin za a aika markaɗe.

Aikin Asabar

Ranar Asabar da hantsi, ko Juma'a ga masu hutun ranar kamar yadda gwamnatin Kaduna ta tsara wa ma'aikatanta a ƙarshen 2021, ake yin cefanen mako. Wanda yake Kano ya san kayan miya sun fi sauƙi a 'Yankaba, hatsi a Dawanau, kayan masarufi a Singa. Ba dole kowane gida ya je da kansa ba. Gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je ya sayo kwando a raba, mako mai zuwa wani ya karɓa. Wannan aikin maigida ne in yana gari.

Babban abin da za a yi shi ne soyayyen kayan miya na mako. A samu tumatir kamar kilo uku, tattasai manya goma zuwa goma sha biyu, attarugu takwas ko ƙasa da haka in akwai ƙananan yara, da albasa manya biyar. A wanke, a cire 'ya'yan tattasai, a markaɗa ba tare da an cika ruwa ba. A zuba a tukunya mai faɗi a ɗora ba murfi, a bar shi ya yi ta tafasa minti arba'in zuwa awa ɗaya, har ruwan ya tsane ya koma kusan rabin yadda aka zuba. Nan ne akasari ake kuskure. Ana gajen haƙuri a zuba mai tun da sauran ruwa, sai miya ta yi tsami, ta kuma lalace da wuri. Idan tumatirin mai tsami ne a jefa kanwa kamar ƙwayar wake. In ta wuce haka miyar za ta yi duhu, ta canza ɗanɗano. Bayan ya tsane sai a zuba mai ludayi biyu a soya da albasa a wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa, har mai ya taso sama. Kada a sa kori ko daddawa ko kifi a wannan mataki. A bar shi haka, domin da shi za a yi dafa-duka ran Litinin, miyar taushe ran Talata, miyar taliya ran Laraba, kowacce da nata kayan ƙamshi.

A raba shi a ƙananan robobi biyar ko shida masu murfi, kowace ta girki ɗaya. Idan aka zuba shi duka a roba ɗaya babba, kullum sai an narkar an ɗiba an mayar, kuma wannan narkewa da daskarewar ce ke kashe shi. A bar shi ya huce, amma kada ya wuce awa biyu a waje kafin ya shiga firiza.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke hana mata da yawa wannan tsari. Firiza da take cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi wajen kwana biyu bayan an ɗauke wuta. Wadda take rabi kwana ɗaya ne, firji kuwa awa huɗu kacal, kuma a zafin Afrilu a rage wa waɗannan lissafi. Dabarar ita ce a cike duk wani gurbi da gorunan ruwa su daskare, a hana yara buɗewa neman ruwan sanyi, a ajiye musu nasu a randa ko kula. Unguwar da takan kwana uku ba wuta, kada a yi na mako guda. A yi na kwana uku, sau biyu a mako, a bar mai ya rufe samansa, a riƙa tafasa shi safe da dare har ya yi zafi sosai, a ɗiba da busasshen cokali. Da damina, lokacin da tumatir yake tsada, kauɗar da aka saya da rani tana rufa asiri. A wanke ta sosai saboda ƙasa, a jiƙa da ruwan zafi, a markaɗa da tattasai.

Nama ma a gama da shi ranar. A tafasa kilo ɗaya da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri, a tsame naman a soya rabi, romon kuma a raba shi gida biyu a ajiye. Da wannan romo miyar kuka ba ta wuce minti goma sha biyar. A tafasa shi da daddawa da ɗan soyayyen kayan miya, a rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi. Wanda ya juye kuka gaba ɗaya a ruwa mai tafarfasa zai sha gudaji. Kuka da kuɓewa ba sa son ajiya, a ranar ake kaɗa su.

Abin karyawa shi ma yana da nasa tanadi. A jiƙa gero mudu ɗaya daren Juma'a ya kwana, da safe a wanke a rege tsakuwa, a kai markaɗe da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, a tace a bar shi ya kwanta. Wannan gasara za ta yi kokon kwana huɗu ko biyar, muddin ana tsiyaye ruwan samanta ana zuba sabo kullum. In aka manta kwana biyu tsaminta zai fi ƙarfin yara. A kuma ajiye garin ɗanwake a haɗe, da yaji a kwalba, da ƙulli-ƙulli dakakke. Ranar da aka dawo a makare, ɗanwake da mai da yaji da yankakken tumatir da dafaffen ƙwai abinci ne cikakke cikin rabin awa. A tuna, in kuka ta yi kaɗan a kwaɓin zai narke a tukunya, in kanwa ta yi yawa zai yi ɗaci ya ɓata cikin yara.

Abu ɗaya da bai kamata a yi ba shi ne dafa shinkafa da asuba a zuba a kula a ce ita za a ci da dare. Dafaffiyar shinkafa da ta yini a ɗumi-ɗumi tana iya sa amai da gudawa, kuma sake ɗumama ta ba ya kawar da illar. Shinkafa minti talatin ce in miya tana nan, a dafa sabuwa. Tuwo kuwa a tuƙa da yawa da dare a ware malmalar ɗumame, wanda ko manya ba sa raina shi da safe.

Duk wannan aiki zai ci awa uku zuwa huɗu. Bai kamata ya zama na mace ita kaɗai ba, tunda ita ma mako guda ta yi tana aiki. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya cire hancin tattasai, 'yar shekara goma za ta iya tatar gasara, yayansu ya kai markaɗe. Wanki da kitso da aski su biyo baya, kada a tura su Lahadi da yamma.

Minti ashirin kafin a kwanta

Safiya ba ta da laifi, daren jiya ne bai yi aikinsa ba. Kafin iyaye su kwanta, ruwa ya zama yana ƙasa. Gidan da yake saye a wajen 'yan garuwa ya saya da yamma, domin da safe kowa nemansu yake. Jarka ɗaya lita 25 ce, kuma wankan mutum shida da alwala da girkin safe zai ci uku zuwa huɗu. Kowane yaro ya haɗa jakarsa da kansa, a duba fensir da littafin da malami ya ce a zo da shi, a jera jakunkuna da takalma a bakin ƙofa. Kuɗin tara a ƙirga a ajiye, haka ma kuɗin Laraba in yara suna zuwa makarantar allo, saboda neman canjin dubu ɗaya da ƙarfe bakwai na safe yana iya cin minti goma.

Yunifom ya zama aƙalla kala biyu ga kowane yaro, a wanke Laraba da Asabar. Guga kuma ba ta da rana. Duk lokacin da aka kawo wuta, ko ƙarfe goma na dare ne, a goge na kwana uku a rataye. A ajiye dutsen guga na gawayi saboda makon da taransifoma ta lalace. Safa kuwa, a sayi ƙafa shida iri ɗaya launi ɗaya ga kowane yaro, ta yadda duk wadda aka ɗauka za ta dace da 'yar uwarta. Wanda ya taɓa ganin gida guda a tsaye, ɗan sahu yana ta hon a waje, uwa a durƙushe tana leƙen ƙarƙashin gado da fitilar waya saboda safa ƙwaya ɗaya, ya san wannan ba ƙaramar shawara ba ce.

Safiya

Iyaye su riga yara tashi da ko minti goma sha biyar ne. A ɗora ruwa, a yi sallah, sannan a tashe su, babba kafin ƙarami. Tsarin kada ya canza: alwala da sallah, wanka, shafa mai, sa kaya, karyawa. Idan jerin ya zauna a kan yaro, ba sai an bi shi da tsawa ba.

Koko yana son ruwan da yake tafasa a lokacin. A dama gasara da ɗan ruwan sanyi ta yi kauri, a sheƙa tafasasshen ruwa a tashi ɗaya, a rufe minti ɗaya sannan a juya. Ruwan filas da ya kwana ba ya dafa shi, sai ya fito tsululu. In hakan ta faru a mayar da shi wuta kaɗan ana juyawa, zai haɗe. Ƙosai a saya a wajen mai suya ta unguwa, ba abin kunya ba ne, kuma ita ma da shi take riƙe nata gidan.

Da hunturu a kula da ruwan wanka. A fara zuba na sanyi a bokiti sannan a sirka da na zafi, kuma kada a bar tukunyar ruwan zafi a ƙasa inda mai rarrafe zai kai. Ƙunar yara ta fi yawa a irin wannan safiya ta sauri. Kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi, kada kuma a kunna janareta kusa da taga, hayaƙinsu yana kisa ba tare da an ji wari ba. Man kaɗanya ko basilin a ƙafa da leɓe kafin a fita yana hana faso.

Waɗanda ake bar wa amana

Ɗan sahun da zai riƙa kai yara a san gidansa, a san wanda ya tsaya masa, a rubuta lambar kekensa da ta wayarsa. A yi magana a fili tun farko: yara nawa zai ɗauka, ƙarfe nawa zai zo, ranar da ba zai samu zuwa ba ya faɗa tun dare. Kada a yarda a ɗora yaro a gaba kusa da direba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin wata ba ya zama wuri ɗaya, don haka a yi sharaɗin duk ƙarin da zai yi ya ba da sanarwar mako guda. Biyan rabi a farkon wata rabi a ƙarshe ya fi zama lafiya ga kowa. Makaranta kuma a ba ta sunan mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki yaro, ban da su ba kowa.

Mai raino ta zama babba mai hankali. Yarinya 'yar shekara goma da aka kawo daga ƙauye ita ma raino take buƙata, kuma goya mata jariri a kulle gida a tafi aiki zalunci ne a kanta, haɗari ne a kan jaririn. Idan akwai irin wannan yarinya a gidan, a sa ta makaranta tare da yaran gida. Wanda Allah ya ba kaka ko goggo a kusa ya samu babban rabo, sai dai kada a mayar da taimakonta kamar dole. A riƙa yi mata alheri, a kai yaro da abincinsa da kayan canjinsa.

Mai shayarwa da za ta koma aiki ta fara gwada tatsar nono mako biyu kafin ranar, don jariri ya saba karɓa a kofi da cokali daga hannun wani. A wanke hannu, a tatsa a kofi mai murfi da aka tafasa. Nonon yana kaiwa awa huɗu a ɗaki mai sanyi, ƙasa da haka lokacin zafi, da kwana huɗu a firjin da wuta ba ta yankewa. Ba a ɗora shi a wuta, sai dai a tsoma kofin a ruwan ɗumi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki, kuma da yawa ba su san da wannan ba balle su nema. Da wannan tsari za a iya cika wata shida ana ba jariri nono zalla.

Shigowa gida

Minti goman farko na yara ne. Suna jin ƙarar ƙofa za su rugo, "Oyoyo Abba! Oyoyo Umma!", wannan ya riƙe ƙafa, wancan ya karɓi jaka, ƙaramar tana ɗaga hannu a ɗauke ta. A amsa musu da fuska a sake, a durƙusa daidai tsayinsu, a bar kowa ya faɗi abin da yake ci masa rai, ko da labarin ƙadangaren da ya shiga aji ne. Tambayar wa ya fasa kofi da wa bai yi shara ba ta jira bayan sallah. Yaron da aka saba tara da faɗa, a hankali zai koma jin ƙarar ƙofa ya shige ɗaki.

Tsaraba tana da daɗi, amma kada ta zama kullum, in ba haka ba leda za a riƙa yi wa oyoyo. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma abin da lokaci ya kawo ya fi biskit: rake da goruba da hunturu, mangwaro da bazara, gyaɗa ɗanya da masara gasassa da damina, dabino da aya kowane lokaci. Ranar albashi a shigo da tsire a takarda, a baje a faranti ɗaya, uba ya raba da hannunsa, auta ya samu ƙarin yanka.

Waya kuma a sa ta caji a ɗaki daga magariba. Wanda aikinsa na kira ne, kamar ma'aikacin lafiya, ya bar ƙarar kira a buɗe ya kashe data.

Daga magariba zuwa kwanciya

Bayan sallah a fara da tilawa, minti goma sha biyar, kowane yaro ya biya inda aka tsaya masa a Islamiyya. Sai abinci. A shimfiɗa tabarma a ci tare, ko da sau huɗu ne a mako. A nan ake gane wanda ba ya cin abinci sosai, da wanda ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba. A nan kuma yaro yake koyon bisimilla da cin gabansa, ba tare da an zaunar da shi an yi masa lacca ba.

Aikin gida na boko shi ne ke cinye wannan lokaci in ba a yi hattara ba. Yaron da ya tashi boko ƙarfe biyu, ya tafi Islamiyya ƙarfe huɗu, ya dawo shida, kansa ya riga ya cika. A sa ya yi abin da zai iya tsakanin abincin rana da la'asar, da dare a duba kawai a gyara, kada ya wuce minti ashirin ga ɗan firamare. Kada iyaye su karɓi fensir su rubuta masa don a gama da wuri, malami zai ɗauka ya iya, a wuce shi. Idan aikin kullum yana fin ƙarfinsa, a je a ga malamin.

Abin da ya rage, ko minti ashirin ne, na hira ne. In an ɗauke wuta ma ya fi, a fito tsakar gida da fitila mai caji. Uwa ta ce "Ga ta nan ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," sai Gizo da Ƙoƙi su fito. Wanda ya manta tatsuniyoyin ya tambayi tsofaffin gidansu ranar da aka je gaisuwa, ko ya ba da labarin yadda aka yi shi yana yaro, makarantar da ya yi, ranar da ya fara ganin jirgin ƙasa. Yara suna son wannan fiye da yadda iyaye suke zato, kuma za su nemi a maimaita labari ɗaya sau goma. Wani daren a yi kacici-kacici: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, Baba na ɗaka gemu na waje. A bar ƙaramin ya yi ta cankar da ba daidai ba kafin yayarsa ta ce tsintsiya. Wani daren a bar su su ba da nasu labarin, a saurara har ƙarshe ko da ba shi da kai.

Yammacin Alhamis da na Juma'a yawancin Islamiyyu suna hutu, don haka su ne ranakun da suka fi sarari. A ware ɗaya a matsayin ranar gida. A yi abincin da yara suka zaɓa, a fito da ludo ko dara, uba ya zauna a ƙasa a buga da shi, ya bari a cinye shi wani lokaci. Maigidan da ya saba wucewa majalisa daga masallacin magariba sai goma na dare, ya sani majalisa tana nan bayan yara sun kwanta. Kai yara shimfiɗa, tofa musu addu'a da sakin gidan sauro a soke gefensa ƙarƙashin katifa aiki ne da ya dace da uba, kuma a lokacin ne yaro kan faɗi abin da ya ɓoye tun rana, kamar wanda yake ƙwace masa kuɗin tara.

In gida ya yi tsit, a gama aikin minti ashirin ɗin nan tare, sannan a dafa shayi kofi biyu da citta da kanumfari da na'ana'a. A sha a zaune. Lissafin kuɗin makaranta da na adashi a ware masa dare ɗaya a mako, kada ya zama shi ne hirar kullum.

Ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi

Wannan rana za ta zo, musamman da damina, kuma ƙarfe shida na safe ba lokacin gardamar wa zai zauna ba ne. A yanke tun yanzu: wane ne aikinsa ya fi sauƙin neman izini a wace rana, wace maƙwabciya ko 'yar uwa za a kira in duka biyun ba hali. A ajiye ma'aunin zafin jiki, farasitamol na yara, da ƙunshin ORS da zinc na gudawa. In babu ORS, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zazzaɓi a kai a yi gwajin maleriya a ranar, kada a fara ba da ragowar maganin wani. Idan yaro ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, asibiti za a nufa nan take, a kira wajen aiki daga hanya. Masu rabon maganin rigakafin maleriya na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna bi gida-gida da damina, sau da yawa lokacin iyaye suna wajen aiki, don haka a gaya wa wanda yake gida ya karɓa, a kuma cika na kwana biyun da suke bari.

Fita sau ɗaya a wata

Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. A Kano akwai gidan zu, akwai Gidan Makama, akwai hawan Dala da yaro ɗan shekara shida zai iya in an bi shi a hankali. A wasu garuruwan ma ba a rasa bakin dam ko gonar wani ɗan uwa, kuma ziyarar kakanni ita ce kan gaba. A zaɓi Lahadin da ta biyo bayan albashi, a gaya wa yara tun Laraba don su sha daɗin jira, kuma in an faɗa a cika. A dafa abinci daga gida a zuba a kula, a ɗauki gorar ruwa biyu da zobo, da tabarma ƙarama, da kayan canji na ƙaramin. A fita da hantsi lokacin hunturu, lokacin zafi kuma bayan la'asar. Kowane yaro a ba shi ɗan kuɗi a hannu ya sayi abin da ransa yake so, ko alawa ce ko balan-balan, kada a zaɓa masa. A dawo kafin magariba, domin akwai jakunkunan Litinin da ba a haɗa ba, kuma robar miyar gobe tana jiran a sauko da ita daga firiza.